Inno Ta Bar Aiki, Inno Ta Shiga Aiki

Kai, ku bari in numfasa, dariya za ta kashe ni, ga yarinya a baya! Ai wanga ƙirga na Bature shi yaj jawo komi. Likitan Turawa mai zuwa rangadi shi yac ce a ƙirga mishi masu magani na Sabon Birni da Isa, wanzamai da maɗora da ungozomai, wa yash shiga aiki, wa yab bari. Anka aje malami guda kowace gunduma.

To kun san Inno, tsohuwar ungozomar nan marar haƙori, ba ta kwana biyu wuri guda. Inda anka yi naƙuda nan take da askarta. In ta bar Gangara ta nufi Isa, malamin Sabon Birni ya rubuta guda ta bari, Malam Illo na Isa ya rubuta guda ta shiga. In ta komo, su juya. Kan kaka ta yi, Bature ya duba ya riƙe baki, wai ungozoman Gobir ba su da haƙuri, su kama aiki da safe su yar da shi da marece. Sai yay yi doka: kowace ta zamna inda doka tat tarad da ita.

Inno kuwa Isa tat tarad da ita. Ga jikanyarta Kadijatu can Kurawa, ƙasar Sabon Birni, ta zo goyon ciki, haihuwar fari, kuma ta rantse ba mai taɓa ta sai kakarta. Ran kasuwa sai ga Usmanu falke, baffan Kadijatu, bisa jaki.

"Inno, taso, yarinya ta fara riƙon gado!"

Inno tam miƙe. Tay yafa zane, ɗan doka yat tare ƙofa. Tac ce ya kai ta ga Malam Illo.

"Kai Illo, ɗan nema, ba ni nay yanke maka cibi ba?"

"Ke ce, Inno."

"Wagga mai shiga da fita da kuka ta rubutawa, ba ka gane ta ba?"

"Na gane. Amma ƙirga anka ce in yi, ba a ce in dubi fuska ba."

Inno tay yi tsaki, tat tauna dasashi. "To doka wa tah hana tafiya?"

"Ungozoma."

"Mai daddawa fa?"

"Ina ruwan Bature da daddawa?"

"To rubuta na bari. Na tuba. Ga askar, ka aske gemunka na bunsuru."

Malam Illo ya rubuta har da murna, don ran nan bai samu ko wanzami guda na rubutawa ba. Ɗan doka ya kauce. Usmanu yas sayi ƙwaryar daddawa yad ɗora mata, yab ba ta jaki, shi yana bi da ƙafa, tana zagin jakin tana zagin Bature har Kurawa.

Tat tarad da Kadijatu durƙushe, gumi sharkaf, ta cije zane don kunyar kuka.

"Tsohuwa, sai yanzu? Da wari kinka zo?"

"Rufa min baki, ja'ira, yi nishi!"

Ba a jima ba sai kukan jariri. Ɗiya mace, tuɓul-tuɓul! Ba aska, Inno tat tsage ɓawon karan dawa tay yanke cibi, tay yi wanka, tar rangaɗa guɗa har Unguwar Lalle sai da sunka ji.

Ran suna malamin Sabon Birni ya zo cin tuwo, yag ga Inno riƙe da jaririya, yar rubuta sabuwar ungozoma ta shiga aiki a Kurawa. Bature ya ji daɗi ƙwarai, wai dokatai ta fara haihuwa. Har ya aiko a kai yarinyar, wato sabuwar ungozomar, Sakkwato ta koyi aiki, kuma kada a yi mata aure sai ta gama. Inno da tab binne maza uku! Tac ce ta yarda da na auren, Sakkwato kuwa sai an yi arba'in.

Don Allah in kun je daka ku gaya wa masu tsohon ciki, Inno na Kurawa, duk wadda tag ga wata ya kama ta aiko da jaki da ƙwaryar daddawa. Ku faɗa wa na Gangara ma!