Shayin Surukar Ƙanena

Ƙanena Kean Huat mutum ne mai muhimmanci ƙwarai da gaske. Ni dai ban taɓa ganin inda muhimmancin yake ba, amma ya tabbatar mini cewa manyan kamfanonin duniya ba sa runtsawa sai sun san abin da ya karya kumallo da shi. Na ce masa ai da sun tambaye ni sun huta, taliyar bakin kasuwar Air Itam ce, kullum ita ce, har mai taliyar ya daina tambayarsa. Ya ce irin wannan sakin baki nawa ne ya sa aka mayar da mutane haja.

Ni na rene shi bayan rasuwar iyayenmu, saboda haka ina da bakin magana. Aikinsa gyaran kwamfutocin wata makaranta, in ya dawo gida kuma ya shige ɗaki ya kama gyaran nasa waɗanda lafiyarsu ƙalau. Kyamarar wayarsa a liƙe take da salatif. Ba ya cikin zauren hirar dangi na waya, ni ce mai kai masa labarin haihuwa da mutuwa da baki, sai ka ce 'yar aike. Bayan kwamfuta kuma sai shayi. Ba shayin mutane ba, mai madara da sukari. Wani baƙin ganye ne a curare kamar busasshen kashin shanu, a ɗora shi a sikeli, a tsoma ma'aunin zafi a ruwan, a zubar da jiƙon farko. Daga ƙarshe ya miƙo maka abu mai ɗanɗanon tsohon katako, ya tsare ka da ido yana jiran yabo.

Da wannan halin ya sami mata, har yau ina mamaki. Sunanta Gaik Lan, malamar ƙananan yara ce a unguwar Jelutong, wataƙila shi ya sa take da haƙuri da shi. Danginta sun laluba intanet ba su ga ko inuwarsa ba, sai ubanta, tsoho Cheah mai shagon tayoyi, ya yanke hukunci cewa ko dai ɗan damfara ne, ko kuma yana da wata matar a ɓoye a garin Hatyai na ƙetaren iyaka. Uwarta ce kaɗai ta tsaya masa. Ta ce yaron da zai zauna yana jiran ruwa ya huce ba zai ɗaga wa 'yarta hannu ba. Da ƙarfinta aka sa rana.

Ana saura 'yan kwanaki biki, uwar amaryar ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, likita ya ce ko zama ba za ta yi ba, balle fita. Ɗaga biki kuwa ba ya yiwuwa, mai duba ya riga ya zaɓi rana da sa'a, an kama gidan abinci. Ba ta yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ta roƙa, a haɗa ta da waya ta ga lokacin miƙa shayi, ta ji angon ya kira ta Mama, mijinta ya sha nata kofin a madadinta. Kowa ya san in ba ka durƙusa ka miƙa wa iyayen matarka shayi da hannu biyu sun karɓa sun sha ba, takardar gwamnati kawai gare ka, ba ka shiga gidan ba.

Kiran bidiyo dai, abin da jikokin maƙwabta ke yi da yatsa ɗaya. Amma ina! Huat ya ce ba zai miƙa fuskar surukarsa ga baƙi a ƙetaren teku ba. Ya haɗa tasa hanyar da kansa, wadda za ta bi ta cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke gurnani a ƙarƙashin gadonsa. Ya kai wa matar wani allon kwamfuta na hannu asibiti, ya jingina mata shi a gefen gado. Na ce masa a dai ajiye ta mutane a gefe, ko da tsautsayi. Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa mara lafiya.

Ranar biki gidan su Gaik Lan ya cika, an rataye jan ƙyalle a ƙofa, gwaggwanni sun sha gwal. Sai ga ango ya shigo da ƙaton gwangwanin biskit, wai kowa ya zuba wayarsa a ciki, ƙarfe yana toshe musu kunne. Tsofaffin nan suka dubi juna. Tsoho Cheah ya jefa tasa ciki kamar mai jifan kare. Tsohuwar da aka ɗauko ta jagoranci al'ada ta riga ta dafa shayin biki tun da safe, mai zaƙi, da jan dabino da busassun 'ya'yan itacen longan, don zaman ya yi daɗi. Huat ya ɗanɗana ya ce wannan ruwan alewa ne. Ya ture fulas ɗin gefe, ya baje sikelinsa a kan teburin mutane, wai ya tanadi ganyen da ya girme shi domin wannan rana.

Sa'a ta yi. An jera kujeru biyu, ɗaya tsoho Cheah, ɗaya kwamfutar Huat a matsayin uwar amarya. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ya danna nan, ya danna can, ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ruwansa ma ya wuce zafin da yake so, ya ce shi ma a jira shi. Ga amarya a tsaye cikin jar riga tana zufa, ga tsohuwar al'ada tana kallon agogo tana tsaki.

Sai gwangwanin biskit ya fara ringi. Wato ƙarfen mai toshe kunne ke nan.

Wayar tsoho Cheah ce. Ma'aikaciyar jinya ce ta kira, ta ce allon da ke gefen gadon ya kulle kansa yana neman kalmar sirri, matar kuma ta shirya tun ɗazu, ta sa an taje mata kai, an shafa mata hoda. Aka miƙa wa Huat wayar. Ya bayyana wa ma'aikaciyar cewa kullewar alama ce ta tsaro yana aiki yadda ya kamata. Ta ce to ya faɗi kalmar. Ya dube mu, sannan ya ce gaskiya ba a faɗin irin wannan abu ta wayar da ba ta da kariya.

Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka ce to a kira matar ta wayar ma'aikaciyar kawai, ya fara bayanin inda hoton zai bi kafin ya isa asibiti. Gaik Lan ba ta tsaya jin ƙarshensa ba. Ta ɗauki fulas ɗin ruwan alewar, ta zuba kofuna biyu a jaka, ta tattare rigarta.

"Yaya, ina makullin babur ɗinki?"

Haka muka ratsa Jelutong, ni a gaba, amarya a baya da hular kwano a kan kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi. Masu motoci suna ta hon suna ɗaukar mu hoto. Tsoho Cheah ya biyo mu a mota da angon a gefensa, ban san me suka tattauna a hanya ba, amma da suka fito fuskar kowa a murtuke take.

A ƙofar asibitin akwai tebur. Duk mai shiga sai ya ba da katin shaida, ya kalli wata 'yar kyamara, a manna masa takardar baƙo a ƙirji. Gaik Lan ta bayar ta wuce, ubanta ya bayar ya wuce. Da aka zo kan ƙanena, sai ya tambayi mai gadi ina ake ajiye hotunan, wa ke da ikon gani, kuma yaushe ake goge su. Bawan Allah mai gadi ya ce shi dai an ce ya danna nan ne. Huat ya ce a kira masa shugaba. Layi ya taru a bayanmu, wani da kwanon abinci, wata da jariri. Ni kuwa ina ganin lif mai hawa sama ya rufe da amarya ba ango, da fulas a ƙirji.

Na yi ta lallashi, na yi zagi a hankali, ko a jikinsa. Can dai na ji idona ya kawo ruwa don takaici, na finciko kwalar rigarsa.

"Kai, wa ke nemanka? Duk duniyar nan mutum ɗaya ce ta damu ta ga fuskarka yau, tana sama a kwance da hoda a fuska."

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya zaro katin a hankali kamar ana cire masa haƙori, ya kalli kyamarar, aka manna masa takarda.

Mun makara. Da muka shiga, Gaik Lan ta riga ta durƙusa ita kaɗai a kan simintin asibiti, ta ba uwarta nata kofin, an sha, an yi kukan an share. Kofi na biyu yana kan durowar gefen gado, an zuba shi tun ɗazu. Tsoho Cheah yana tsaye a bakin taga ya ba mu baya. Matar tana kwance, ta rame, hodar ta yi layi-layi a kumatunta.

Huat ya ɗauki kofin, ya taɓa gefensa, na ga bakinsa ya motsa zai ce ya huce. Na taka masa ƙafa. Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Mama, ga shayi."

Ba ta karɓa nan take ba. Ta tambaye shi me ya tsare shi a ƙasa. Ya ce sunansa suka nema da hotonsa. Ta tambaya ko ya san inda za su ajiye. Ya ce a'a, ba su iya gaya masa ba.

"Ni kuwa 'yata na ba ka," in ji ta, "ban tambaye ka inda za ka ajiye ta ba."

Har matar gadon kusa ta daina tauna lemonta. Gaik Lan ta tallafo kan uwarta. Matar ta karɓi kofin, ta kai baki, ta jiƙa leɓe kawai, ta mayar masa da shi kusan a cike. Ta ce sauran za ta sha in ta dawo gida ta ga yadda zaman yake. Sannan ta juya fuska ga bango ta ce ta gaji.

Tun yana yaro ban taɓa ganin abu ya faru Huat bai yi bayani a kai ba sai ranar. Yana nan durƙushe da kofin a hannu, bai san ko ya ajiye ko ya tashi ba, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.