Man Giyar Motar Yaya

A kan hawan da ke bayan kasuwa motar ta fara yi masa gardama. Auta ya taka totur, injin ya yi ta kururuwa, amma tayoyin ko a jikinsu. Sai da na baya suka cika shi da hon kafin giyar ta kama, da wani bugu da ya ji har cikin haƙoransa.

Motar ta Yayansa ce, tsohuwa mai canza giya da kanta, wadda ta girmi duk yaran gidan. Da ita Yaya yake kai matarsa wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma yau ƙarfe huɗu ake jiranta a asibiti. Aron kwana uku aka ba Auta, shi ma bayan dogon nazari, domin duk da furfurar da ta fara leƙo masa a gemu, a gidansu har yanzu shi ne wanda ake ba aron dutsen guga ya dawo da shi ba waya. Wannan karon ya yi niyyar ba su mamaki. Ya kai motar wanki, ya sa aka ɗaure madubin da ke lilo, jiya kuma ya tsaya wurin masu juyen mai, aka zuƙe man giyar baƙi ƙirin aka zuba sabo.

Da ƙyar ya lallaɓa zuwa gareji. Makanikin dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya hana a kashe injin. Ya sa Auta ya danne birki yana jan sandar giya daga ribas zuwa gaba, shi kuma ya kasa kunne yana sauraron jinkirin da take yi kafin ta kama. Sannan ya zaro ma'aunin man giya, ya goga a farin tsumma, ya shinshina.

"Sabon mai ja wur a tsohuwar nan? Wa ya canza?"

"Ni ne, Baba. Wancan ya yi baƙi, har ƙauri yake yi."

"Ai baƙin nan shi ke riƙe da ita," in ji dattijon. "Fayafayan kulocin ciki sun cinye tuntuni. Garinsu ne ya zauna a tsohon man ya yi kauri, da shi suke ɗan samun abin kamawa. Ka wanke musu shi tas, yanzu santsi kawai suke yi."

"To a mayar da tsohon mana!"

"Yana ina?"

Auta ya tuna durom ɗin da aka juye shi, a kan man motoci wajen hamsin.

"Sai an sauke giyar, kwana biyar in an samu kaya," in ji makanikin. "A miƙaƙƙen titi za ta lallaɓa. In ta yi zafi, ko ta ga hawa, ban yi maka alkawari ba."

Asibitin kuwa a kan tudu yake.

A hanya zuciyarsa ta yi ta raya masa ya miƙa makulli ya yi godiya ya kama gabansa. Tsohuwar mota ce, in ta tsaya a hannun mai ita, wa zai ce laifin Auta ne? Tunanin ya ba shi kunya, amma tsoro ya fi kunyar yawa, har ya iso ƙofar gidan Yaya bai yanke shawara ba.

Matar Yaya na zaune a kujerar roba, jakarta a cinya, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas. Ta dubi motar tana ƙyalli ta yi murmushi.

"Lallai ƙanen miji an girma, har da wanka aka yi mata?"

Yaya ya duba agogo ya miƙo hannu. Auta ya kasa sakin makullin.

"Yaya, kada ka ɗauke ta a motar nan. Ba za ta hau tudun ba. Na canza man giya."

Yaya ya sauke hannunsa. Bai ɗaga murya ba, wanda da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Shekara tara ina hana makanikai taɓa man nan," ya ce. "Kai kaɗai ne ban gaya wa ba. Ban taɓa zaton za ka gyara wani abu ba."

Ya juya ya karɓi jakar daga cinyar matarsa.

"Jeka bakin titi ka samo mana tasi."

Auta ya ruga da gudu, makullin na hannunsa, don ba wanda ya karɓa.