Takardar Haggai

"Wannan ba mijina ba ne," in ji Susanna, ta tura hoton kan kantar shagon wankin hotuna a Oshodi.

"Shi ne mana, Mama," in ji yaron shagon. "Ga kwat ɗinsa nan."

Shi ɗin ne kuwa, amma fuskar ta fito kore-kore kamar naman da ya kwana. Haggai fa, mai hoton Agege, wanda ya ƙare rayuwarsa yana faɗa a kan baƙi ya fito baƙi!

"Fim ɗin baƙi da fari ne. Da bakinsa ya faɗa mini."

"Eh, amma irin wanda ake wankewa a ruwan kala ne. Mu kuma takardar kala gare mu, ko ya yi kore ko ya yi ja. Zaɓi ɗaya, Mama, akwai layi."

Kafin ciwo ya kwantar da shi, Haggai ya sa kwat ya zauna a bakin ƙofa, ya nuna mata inda za ta danna a jikin kyamara. "Wannan za a ɗora kan akwatin gawata. A takardata za a buga, kin ji ko? Kada ki kai ni wurin 'yan inji." To, ya cika, jana'iza gobe, wa zai buga mata? Ta kai fim ɗin wurin 'yan injin.

Da ta dawo gida ta tarar da Alhaji Alu, maƙwabcinsu, wanda suka yi sana'ar hoto tare da Haggai kafin ya koma sayar da albasa. Ya dubi hoton, ya ja tsaki.

"Share hawayenki, hannuna bai manta ba. Akwai sauran takardarsa a wani baƙin kwali, yanzu ko a Oshodi ba a samunta. Ɗauko mini. Kada dai ki buɗe, haske na kashe ta."

Ta tarar da ɗakin duhun da Haggai ke wanke hotuna a buɗe wangale, an kwashe kaya an jera kujerun masu gaisuwa.

"Kwalin nan?" in ji Chundung, ƙanwar marigayin. "Ai fararen takardu ne kawai, Anti, ba komai a jiki. An ɗauke wuta, mutane na ta gumi, sai na rarraba."

Susanna ta leƙa tsakar gida. Matan zumuntar coci na zaune cikin rana suna waƙa a hankali, kowacce na fifita da takarda ɗaya, takardun suna ta rinewa zuwa ruwan toka a hannuwansu.