Sawun Khemraj

Saje Tekbahadur Pun ya durƙusa a bakin rafi, ya sa yatsa cikin sawun takalmin da ruwa bai gama cikawa ba. Kwana huɗu ke nan shi da yaransa na bataliyar Gurkha, wato sojojin Nepal da ke cikin rundunar Birtaniya, suna farautar masu neman shiga runduna ta musamman a tsaunukan Wales. Duk wanda suka kama kafin ƙarfe biyar na yau, ya faɗi jarrabawa. Sun kama goma sha ɗaya. Cikin ukun da suka rage akwai Khemraj, ƙanin matarsa, Gurkha ɗaya tilo a cikin Turawa.

"Oga, wannan ƙafar ƙanin madam ce," in ji Kofur Yamlal. "Ka kama shi, sai ka shekara kana dafa wa kanka shinkafa."

"In na ƙyale shi, gobe a ce alfarma aka yi wa ɗan Nepal. Tashi mu je."

Bai sassauta ba. Ya bi karyayyar ciyawa, ya bi dutsen da aka taka ya juya cikinsa, ya hana kowa zama cin abinci. Da azahar suka zaƙulo Bature ɗaya daga garken tumaki. Sawun Khemraj kuwa ya kai su wata fadama, ya shiga, bai fita ba. Sau uku Tekbahadur ya zagaye ta, ya shiga taɓo har ƙugu. Shekara goma sha tara yana bin sawu, daga dajin Brunei har Helmand ta Afganistan, ba a taɓa yi masa haka ba.

Ƙarfe biyar aka busa usur.

A wurin taruwa Manjo mai kula da jarrabawar ya ja shi gefe.

"Saje, ka neme shi tsakani da Allah?"

"Ranka ya daɗe, da na same shi da hannuna zan ɗaure shi."

Manjon ya dubi wandon Sajen da ya sha taɓo, ya gyaɗa kai.

Khemraj na zaune a bayan mota cikin bargo, ya rame, leɓɓansa sun tsage. Tekbahadur ya miƙa masa kofin shayi, ya rage murya.

"Kai, ɗan banza. Ta ina ka fita?"

Khemraj ya kurɓa, ya saci kallon Manjo.

"Yaya, yi haƙuri. Yanzu da na tsallake, sirrin runduna ta musamman ne, ba ni da izinin gaya maka."

Tekbahadur ya daɗe yana dubansa. Sannan ya gyara masa bargon a kafaɗa, ya juya ya daka wa yaransa tsawa su shiga mota, don kada su ga fuskarsa.