Rumbun Inna Hajjo

Injiniya Issifou ya taso daga Sokodé da kwat, cikin zafin da kaza ma baki buɗe take yawo. Ya kawo wasu 'yan akwatina kamar sabulun wanki, ya liƙa a rumbunan garinmu Korbongou. Kowanne yana auna danshi da yawan masara, ya miƙa labari ga na kusa da shi, har ya isa biro, wato ofishinsu Injiniya a Dapaong, inda aka rataye babban allo.

Ni gyaran waya nake yi kusa da tasha a can Dapaong, a bidiyo na koya. Da na leƙa allon, sai ga sunan mahaifiyata ɓaro-ɓaro: Hajjo, rumbu cike. Wai girmama manoma ne ya sa kowane akwati yake ambaton sunan mai shi.

A garinmu mace ba ta faɗin abin da ke rumbunta. In an tambaya ta ce da sauƙi, shi ke nan. Inna kuwa masarar nan da ita za ta kai mu damina, ba ta da wata.

Na roƙi Injiniya ya cire sunan. Ya gyara tabarau, ya yi min Faransanci mai tsawo, abin da na tsinta shi ne ɓoye sunaye yana mataki na biyu, mu kuma muna na farko.

Baba Garuba, ƙanin babana, bai iya karatu ba, amma ya samu mai karanta masa. Ya zo da babur da buhuna. Bayansa danginmu na garin Mandouri, har da waɗanda ba su zo ta'aziyyar babana ba.

Inna ta fara cewa da sauƙi.

"Haba Hajjo," in ji Baba Garuba, "na'ura ba ta ƙarya."

Ta kalle ni, na kalli ƙasa. Wanda ya san kana da shi ba a hana shi. Ta ɗauko kwano da hannunta, tana aunawa tana sa musu albarka, haƙora a cije.

Ranar kasuwa Injiniya ya kira ni, murya fal murna. An shiga mataki na biyu. Akwatinan za su riƙa canja lamba, har saƙon bogi za su riƙa aikawa don su rikitar da mai saurare.

"Ki gaya wa Mama, yanzu ba wanda zai san abin da ke rumbunta."

Na gaya mata. Tana zaune tana tankaɗe ɗan garin da ta share daga ƙasan rumbun. Ta ce in yi masa godiya.