Muryar Malam Sagir

Malam Sagir, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, mutum ne mai son abin mamaki. Da ya sayi kwamfuta, sai ya cire kiɗan da take yi idan an kunna ta, ya sa muryarsa. Kana dannawa sai ka ji: "Salamu alaikum, Zalika, kin tashi lahiya?"

Da Allah ya karɓi abinsa, muryar nan ce ta rage wa matarsa Zalika. Kullum da safe takan kunna, ta amsa sallamar a hankali, ta kashe. Ana nan, ran nan aka kawo wuta da ƙarfi, na'urar ta yi ƙauri, ta yi tsit.

Zalika tana takaba, ba ta fita. Ta roƙi Labo, wan mijinta, ya kai wa Tanimun mai gyara a Konni.

"Yaya, don Allah ka ce mishi kar ya goge komi."

Kunya ta hana ta faɗin dalili. Wa ke gaya wa wan miji irin wannan?

Tanimun ya buɗe, ya ce babban allon ciki ne ya ƙone, wanda suke kira kart-mer. Da wani mai gyara ne, da ya sa sabo, ya wanke kan na'urar tas, ya sake zuba Windows. Shi kuwa sai da ya aika har Sakkwato aka samo allo irin tsohon sak, don na'urar ta farka ba ta san an taɓa ta ba.

Ranar gwaji Labo na zaune a benci. Tanimun ya danna, sai ga sallama.

Labo ya zabura har hularsa ta faɗi. "A'uzu billahi! Da hannuna na sa shi kabari!"

"Baba, ɗauka ce kawai, kamar kaset."

"Mamaci ya dinga gaida mai takaba? Hidda shi ya huta!"

"Ai ita ta ce..."

"Ƙanena ne ko ƙanenka?"

Da la'asar Labo ya sauke kwamfutar daga babur a gidan Zalika, yana fara'a.

"Ga ta nan, ta hi da. Na iske wani abu ciki, na sa an share miki kar ki hirgita."

Zalika ta danna. Kiɗan Turawa ya tashi, ya ƙare. Ta jima tana jira.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," ta ce, ta tashi ta ɗebo masa ruwa.