Katin Malam Mati Ya Yi Kore

Shekara sha ɗaya Malam Mati yana awon riɗi a sito na wani kamfani a Kwangwalam, bai taɓa makara ba. Sai kamfanin ya waye. Aka jefar da littafin sa hannu, aka ce kowa ya danna shiga da fita a katin aiki da aka sa masa a wayarsa. Kati in ya yi rawaya, ana jiran shugaba ta duba. In ya yi kore, an amince. Ja kuwa an ƙi ke nan, kuma ja uku a wata ɗaya sallama ce. A ƙarshen wata a kulle katin, ko mai kamfanin bai isa ya taɓa shi ba.

Ranar farko Mati ya danna da bismilla, kati ya yi ja. Dalili wai ma'aikaci yana ƙasar waje. Siton yana dab da iyaka, waya kuwa ba ta da kishin ƙasa, da ya shiga ƙofa sai ta kama sabis ɗin Nijar. Washegari ma haka.

Hankalinsa ya tashi, ga iyali ga tsufa. Ya hau babur har ofis a Daura, wurin shugabarsu Hajiya Raihana, mace mai kirki wadda ta fi yarda da kwamfuta a kan idonta.

"Hajiya, wallahi ina bakin sikeli tun bakwai."

"Malam Mati, ni ban ƙaryata ka ba. Amma ga shi nan, ta ce kana Nijar. Saura ɗaya fa."

Da ya bincika, sai ya gano Nijeriyar da wayar ta sani tana farawa ne daga teburin wani mai shayi, tafiyar minti ashirin daga sito. Kuma wayar kan leƙa inda mutum yake sau da yawa a yini, ba sanarwa. To fa. Mati ya sa wa sito kwaɗo, ya tare a bencin mai shayi. Kati ya dinga rawaya yana kore gwanin sha'awa, manoma kuwa suna zube a rana da buhunansu. Abin yana cin ransa, shayin ma ba ya masa daɗi.

Wata ya ƙare, aka kulle kati, aka kira shi Daura karɓar takardar yabo. Yana tsaye ana shirin ɗaukar hoto sai ga Hamma, wani dattijon manomi da ya yi shekaru yana kawo masa riɗi, ya shigo da ƙura har gwiwa.

"Hajiya, ƙara na kawo. Sati uku sitonku a rufe, riɗina har ya fara lalacewa."

Ta juyo masa da fuskar kwamfuta. "Baba, ka ga koren nan? Kullum yana wurin aiki. Kuma an kulle katin." Sai ta dubi Mati. "Malam Mati, faɗa masa da bakinka. Ka buɗe ko ba ka buɗe ba?"

Mati ya dubi Hamma. Hamma yana kallonsa da natsuwa, don ya san mutumin nan bai taɓa tauye masa ko rabin kwano ba.

"Na buɗe," in ji Mati.

Hamma ya gyara hularsa. Ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri, Hajiya. Ƙila idona ne ya tsufa." Ya fita, mai hoto ya ce Mati ya ɗan yi murmushi.